Bashin Gida Wanda Ruwansa Ke Hawa Da Sauka: Yadda Yake Da Hukuncinsa

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani irin bashi ne da bankuna ke bayarwa domin saye ko ginin gida, wanda ake riƙe takardar gidan a matsayin jingina, kuma kuɗin ruwansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau ya hau gobe ya sauka. Za mu duba yadda yake aiki, da abin da yake ci wa mutum a tsawon shekaru, sa'an nan mu auna shi da ma'aunin Shari'a.

Kada wani ya ce wannan magana ta mutanen birni ce. Mu nan ƙasar Minjibir, daga Kunya zuwa Wasai, daga Kantama zuwa Kwarkiya, gona tana manne da gona, kuma duk lokacin da aka raba gado sai filin ya ƙara tsukewa. Ga birnin Kano yana ta matsowa ta gefen Ungogo, fili yana ta ƙara tsada. 'Ya'yanmu ma'aikata da malaman makaranta da masu rumfa a Kantin Kwari kowa yana son ya ga ya kafa gida nasa na kansa, kuma wannan buri ne mai kyau. To, a nan ne takardar banki take shigowa, wani lokaci ma har da takardar filin gado a jingina. Saboda haka wajibi ne mu san abin da ke cikinta, domin malamai sun tabbatar cewa bai halatta mutum ya shiga wata mu'amala ba sai ya san hukuncin Allah a kanta.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Kafin mu shiga, akwai wata rikitarwa ta harshe da ya kamata a kau da ita. A rubutun boko muna rubuta "riba" iri ɗaya, alhali kuwa kalmomi biyu ne daga tushe biyu na Larabci. Ta farko daga ribhu take, watau abin da ɗan kasuwa ya samu a kan hajarsa bayan ya saya ya sayar, kuma wannan halal ce. Ta biyu daga riba take, wadda asalin ma'anarta ƙaruwa da kumbura, watau ƙarin da ake ɗora wa bashi saboda jinkiri, kuma ita ce Allah ya haramta. Bahaushe yana bambanta su a baki, amma a takarda sai su zama ɗaya. Don haka a wannan darasi za mu kira ta biyun da sunan da kowa ya sani, watau kuɗin ruwa, ainihin abin da aka ranta kuwa mu kira shi uwar kuɗi.

Yadda bashin yake aiki

Bashin gida na banki iri biyu ne. Akwai mai tsayayyen ruwa, wanda ake yanke kashin da za a biya tun ranar farko, kuma ba ya canjawa har a gama. Misalinsa shi ne rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya yake gudanarwa, inda aka tanadi cire kashi 2.5 daga cikin 100 na albashin ma'aikaci, aka kuma tsara rancen a kan ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30.

Na biyu shi ne wanda muke magana a kai. Ruwansa haɗin abu biyu ne. Akwai ma'auni, watau wani adadi da ke wajen hannun mai bashi da wanda ake bi, kamar kuɗin ruwan da Babban Bankin Nijeriya ke yankewa a zaman kwamitinsa. Sa'an nan akwai ɗori, watau abin da bankin da ya ba ka rance ya ƙara a kan ma'aunin domin kansa. Idan ma'auni kashi 11.5 ne, ɗori kuma 3.5, to ruwanka 15 ke nan. Ɗorin ba ya motsi, amma ma'aunin yana motsi, kuma duk lokacin da aka ƙayyade, ko wata shida-shida ko shekara-shekara, sai a sake lissafi a kan abin da ya rage a kanka.

Sau da yawa akan sa shekarun farko, biyu ko uku ko biyar, su zama masu rahusa kuma tsayayyu. Masunta a madatsar ruwa ta Wasai sun san amfanin koto a bakin ƙugiya. A wasu ƙasashe akan rubuta iyakar da ruwan ba zai wuce ba, ta kowace shekara da ta tsawon bashin duka. A nan ƙasarmu kuwa, tun da aka sakar wa bankuna mara a kan kuɗin ruwa a watan Agusta na 1987, abin da aka fi gani a takardun rance shi ne layi ɗaya da ke cewa banki yana da ikon sake duba ruwan gwargwadon yanayin kasuwar kuɗi. Wannan layi ba ya ambaton ma'auni, ba ya ambaton iyaka. Wasiƙa kawai za a aiko maka, ko saƙon waya.

Wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda ake kasa kuɗin da kake biya a wata. Banki yana fara kwashe ruwansa ne tukuna, abin da ya rage shi ne yake rage uwar kuɗi. Tun da uwar kuɗin tana da yawa a shekarun farko, kusan duk abin da ka kai ruwa ne yake shanyewa.

Bari mu yi lissafi

Mu ƙaddara wani ma'aikaci ya karɓi Naira miliyan 10 a watan Afrilu na 2022, zai biya cikin shekara 20. A lokacin ma'aunin Babban Banki kashi 11.5 ne. Da ɗorin 3.5 ya zama 15, aka kuma ce shekara biyun farko ba za a taɓa shi ba. Abin da zai riƙa biya kowane wata wajen Naira 131,700 ne. A watan farko, Naira 125,000 daga ciki ruwa ne, wajen 6,700 kaɗai suka taɓa uwar kuɗi. Bayan shekara biyu ya kai wa banki fiye da Naira miliyan 3 da dubu 160, amma idan ya tambayi abin da ake binsa sai a ce masa wajen miliyan 9 da dubu 814. Watau duk wahalar shekara biyu ba ta rage ko Naira 200,000 daga uwar kuɗin ba.

To, a cikin waɗannan shekaru biyu ma'aunin bai zauna ba. A watan Mayu na 2022 ya koma 13, a Yuli na 2023 ya kai 18.75, a Fabrairu na 2024 ya yi tsalle zuwa 22.75, a Mayu na 2024 ya kai 26.25, a Nuwamba na wannan shekara kuma 27.5. Saboda haka ranar da aka sake wa mutuminmu lissafi a Mayu na 2024, ruwansa ya zama 29.75, mu ce 30 don sauƙin lissafi. Biyansa na wata ya tashi daga 131,700 zuwa wajen 246,500, kuma a cikin wannan kuɗi wajen Naira 1,200 kaɗai ke rage uwar kuɗi a watan farko. Ku tuna, a shekarar ce aka yanke mafi ƙarancin albashi na ƙasa a kan Naira 70,000.

Yanzu mu tara jimla. Da ruwan ya tsaya a 15 har ƙarshe, da zai biya wajen miliyan 31 da dubu 600. Idan ya zauna a 30 har sauran shekara 18 su cika, zai biya wajen miliyan 56 da dubu 400. Domin adalci kuma mu faɗi ɗaya gefen: da ruwan sauka ya yi zuwa kashi 10 bayan shekara biyun nan, da biyansa na wata ya koma wajen 98,100, jimla kuma wajen miliyan 24 da dubu 400. Gida ɗaya ne, takarda ɗaya, sa hannu ɗaya, amma kuɗinsa yana iya zama miliyan 24, ko 31, ko 56, kuma ranar da ake sa hannu babu wanda ya san wanne ne, daga mai karɓa har manajan bankin.

Me ya sa banki yake son wannan tsari? Saboda shi ma da kuɗin masu ajiya yake aiki, kuma idan tsadar kuɗi ta tashi ba ya son asarar ta faɗa kansa. Sai ya ɗauke wannan kasada ya aza ta a wuyan wanda ya fi kowa rauni a cikin cinikin, wanda albashinsa ba ya tashi duk ranar da kwamitin Babban Banki ya zauna.

Abin da ya faru a Amurka

Wannan ba hasashe ba ne, duniya ta riga ta gani da idonta. A Amurka, babban bankinsu ya saukar da ma'auninsa zuwa kashi 1 a 2003, aka yi ta ba masu ƙaramin ƙarfi bashin gida mai rahusar shekara biyu, ana gaya musu cewa kafin ruwan ya tashi gidan ya ƙara daraja, sai su sake sabon bashi su biya tsohon. Zuwa tsakiyar 2006 ma'aunin ya kai 5.25, farashin gidaje kuma ya fara faɗuwa. Da wa'adin rahusa ya cika, biyan wata ya fi ƙarfin mutane, gidan kuma ko an sayar ba zai biya bashin ba. Aka ƙwace miliyoyin gidaje, babban bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, girgizar ta zagaya duniya har ta iso kasuwar hannun jari ta Legas. Idan tashin kashi 4 da 'yan kai ya yi wannan ɓarna a can, mai hankali sai ya auna tashin kashi 16 cikin shekara biyu da rabi a nan.

Hukuncin Shari'a

Da farko mu sani cewa jingina ita kanta halal ce. An ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 283, bayan ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ya kuma tabbata a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Saboda haka aibin ba a riƙe takardar gida yake ba. Aibin a wuri biyu yake.

Na farko shi ne kuɗin ruwa. Duk rancen da aka sharɗanta a mayar da fiye da abin da aka karɓa ya shiga cikin abin da ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka haramta, inda aka raba tsakanin ciniki da riba, aka kuma ba wanda ya tuba uwar kuɗinsa kaɗai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda ribar Jahiliyya take, cewa idan wa'adi ya cika sai mai bashi ya ba wanda yake bi zaɓi, ko ya biya ko a ƙara masa a jinkirta. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi ya soke wannan riba, ya fara da ta baffansa Abbas. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim kuma ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu a cikin laifin. Taron malamai na Azhar a Alƙahira a 1965, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985, duk sun tabbatar cewa ruwan banki shi ne wannan riba. A 1990 majalisar ta sake zama a kan maganar gidaje musamman, ta ce bashin gida mai ruwa haramun ne ko ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan hukunci ya haɗa da mai tsayayyen ruwa, har da na kashi 6.

Na biyu shi ne garari, watau rashin sanin abin da aka ƙulla a kansa, kuma da wannan ne bashin mai hawa da sauka ya ɗara ɗan'uwansa muni. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana cinikin garari, kuma duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Askari ya san cewa sanin farashi da sanin wa'adi sharaɗi ne na ingancin ciniki. Iyayenmu ma sun ce ba a cinikin biri a sama. Wanda ya sa hannu a kan kuɗin da zai iya zama miliyan 24 ko 56 ya yi cinikin biri a sama, kuma igiyar tana hannun wani.

Wani zai ce, ai Naira tana lalacewa, a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, kuma miliyan 56 ta shekara 20 masu zuwa ba daidai take da ta yau ba, yaya za a ce banki ya karɓi abin da ya bayar kawai? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne faɗuwar darajar kuɗi tana rage nauyin tsohon bashi. Majalisar Fiƙihu ta duba wannan a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashi da irinsa ake biya, ba a ɗaure shi da tashin farashin kaya. Shari'a ba ta ce mai dukiya ya yi asara ba. Cewa ta yi idan yana son ƙari, to ya shiga ciniki, ya mallaki kaya, ya ɗauki kasadarsa, ya yanke farashinsa a fili tun ranar farko.

Mu duba gida

Kada mu zargi banki mu manta da kanmu. Jinginar gona da muke yi a ƙauyukanmu, inda mutum zai karɓi rance ya miƙa gonarsa, mai kuɗi ya yi ta nomanta yana cin amfaninta shekara da shekaru, sa'an nan a mayar masa da kuɗinsa cif, ita ma rance ce da ta jawo amfani. Kuma ruwanta hawa da sauka yake yi, domin ya danganta da damina da farashin gero da gyaɗa a kasuwa. A mazhabar Malikiyya amfanin abin da aka jinginar na mai shi ne. Ba a yarda mai riƙon jingina ya sharɗanta cin amfaninta ba sai idan bashin na ciniki ne, kuma an ƙayyade lokacin, amma a rance ba a yarda ba. Haka nan dami ɗaya da bazara a biya biyu da kaka. Mafita a nan ita ce hayar gona da kuɗi sananne na shekaru sanannu, ko kuwa salam, watau a biya manomi kuɗin hatsi tun yanzu a kan mudu sananne da lokaci sananne.

Ina mafita?

Ga mai neman gida akwai hanyoyi da malamai suka yarda da su. Akwai murabaha, inda banki zai sayi gidan ya mallake shi, sa'an nan ya sayar maka da farashi ɗaya yankakke, ka biya kashi-kashi. Farashin zai fi na kuɗi hannu, kuma wannan ya halatta, amma da zarar an ƙulla ba ya ƙaruwa ko Babban Banki ya yi me. Akwai tarayya mai raguwa, inda ku biyu za ku mallaki gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayensa kaɗan-kaɗan har ya zama naka. Akwai kuma istisna'i, watau kwangilar gini a kan kuɗi sananne. Tun da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa a 2011, Bankin Jaiz ya buɗe a watan Janairu na 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021.

Amma sunan Larabci a kan takarda bai ɗauke maka karatu ba. A tsarin haya, malaman da suka tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci sun yarda a riƙa sake duba kuɗin haya lokaci-lokaci, da sharaɗin a san hayar zangon farko, a ɗaure sauran da ma'auni bayyananne, a kuma sa masa iyakar sama da ta ƙasa. Don haka ko ina ka je, ka tambayi abu huɗu kafin ka ɗauki alƙalami: nawa ne jimlar abin da zan biya, shin biyan wata zai iya canjawa kuma ina iyakarsa, me zai faru idan na makara, me zai faru idan na so biya kafin lokaci. Ka ɗauki takardar ka kai wa malami da wanda ya san lissafi su duba maka. Kada kuma mu raina hanyar iyayenmu ta adashi da gini a hankali, bana ɗaki ɗaya baɗi a ƙara wani. Tana da jinkiri, amma ba a taɓa yin gwanjon gidan da aka gina ta haka ba.

Wanda kuwa ya riga ya shiga, kada ya yanke ƙauna. Ya tuba ga Allah, sa'an nan ya yi ƙoƙarin fita da wuri. Duk abin da ya samu na rara ya zuba shi a kan uwar kuɗi, ya kuma tabbatar an rubuta shi a haka, domin lissafin da muka yi ya nuna cewa a shekarun farko ne wannan ya fi amfani. Kada ya gudu, gama uwar kuɗi hakki ce a kansa. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, gara ya sayar da hannunsa da daraja da a yi masa gwanjo, kuma ya sani cewa a Shari'a jingina ba ta zama mallakar mai bashi don an kasa biya. Sayarwa ake yi a cire hakki, ragowar ta mai gida ce. Masu hali a cikin dangi kuma su tuna da aya ta 280, wadda ta yi umurni da saurara wa wanda ke cikin ƙunci, su fanshi ɗan'uwansu da rance mai kyau kafin filin gado ya fita daga hannun zuriya.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya ba marasa muhalli muhalli, ya sa mu gama da duniya lafiya. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.